Ɗan da Mama Ta Binne da Ransa

Casalnero, Kalabriya
Watan Nuwamba

Zuwa ga Kawuna Demetrio,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da girmamawa. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Palmira da yara da jikoki baki ɗaya. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da ke damun ka, ya sa sanyin Toronto na bana ya zo muku da sauƙi. Mu nan muna nan da sauƙi. Maigidana Leandro yana nan yana fama da aikinsa na gyaran hanya, 'yan matana biyu kuma sun girma, babbar har ta fi ni tsawo. Ruwa ya yi kyau bana, zaitun ya yi 'ya'ya sosai. Na gode da addu'ar da kuka sa aka yi wa Mama a cocinku, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan ta, ya bar mu da ku.

Kawu, ranar da ka kira ni ka yi mini ta'aziyya ka tambaye ni ina Saverio, sai na ce maka layi ba shi da kyau. Ka yi haƙuri, layi lafiyarsa ƙalau. A garin nan yanzu ba mai faɗin abin da ke ransa a waya. Shi ya sa na rubuta wannan na ba ƙanwar maigidana da za ta zo Kanada, ta miƙa maka hannu da hannu. Na san abin da 'yan garinmu da ke can suke gaya maka a ƙofar coci, cewa ƙanena ya sayar da mutanensa, kuma baƙin cikinsa ne ya kashe yayarka. Ina so ka ji yadda aka yi daga bakina, tunda a gabana aka yi.

Shekarun baya kaɗan, lokacin tsinkar lemu, Saverio yana gonar Baba ta bakin rafi da hantsi, yana kan tsani a cikin ganye. Sai ga motar Ilario, matashin likitan dabbobin garinmu, ta tsaya a kan gada domin an tare hanya da wata mota. Bastiano Lofaro ne ya fito, babban ɗan mutumin nan da kuka yi makaranta tare. Ya leƙa ta taga kamar zai gaishe shi, ya harbe shi a fuska. Laifin Ilario shi ne ya ƙi sa hannu cewa shanun gidan Lofaro lafiyarsu ƙalau, alhali cuta ta cinye su. Saverio ya ga komai, su ba su gan shi ba. Ya jira suka tafi, ya sauko, ya ƙarasa cika akwatunansa, ya koma gida ya ci abinci. Da 'yan sanda suka bi gida-gida suna tambaya, ya ce musu yana can ƙarshen gona, ƙarar injin ban-ruwa ta hana shi jin komai. Wato abin da kowane ɗan garin nan zai yi, shi ya yi.

Abin da bai sani ba shi ne, tun kafin kisan 'yan sanda sun bi motocin duk masu kai lemu ma'ajiyar gidan Lofaro sun maƙala musu na'urar sauraro, har da tsohuwar akori-kurarsa. Wata rana za su kasuwar birni shi da matarsa Oriana, abin ya ci ransa, ya tsaya a gefen hanya ya kifa kai a kan sitiyari yana kuka, ya gaya mata duk abin da ya gani, da suna da komai. Ta ce masa ya haɗiye maganar nan, kada ya sake furta ta ko a gaban Fada a coci. Ya haɗiye kuwa, sai dai an riga an ɗauka.

Da bazara ta shigo aka aiko masa ya zo birni, wai akwai gyara a takardun motarsa. Suka shigar da shi wani ɗaki, ya tarar da mai gabatar da ƙara, wata mata 'yar arewa mai suna Bellandi, da wani babban ɗan sanda. Ba su tambaye shi komai ba, sai suka kunna masa muryarsa, ya zauna yana sauraron kansa yana kuka. Matar ta tura masa kofin ruwa, ta yi masa bayani a hankali kamar malamar makaranta. Ta ce da zarar an kama Bastiano, doka ta wajabta a ba lauyoyinsa duk hujjar da ke hannu, har da wannan muryar, saboda haka gidan Lofaro za su ji ta ko ya yi shaida ko bai yi ba. In ya yarda ya tsaya a kotu, gwamnati za ta ɓoye shi da iyalinsa. In ya ƙi, ga ƙofa nan, ya koma gida ya jira sammaci kan ƙaryar da ya yi wa hukuma, ita kuma ba ta da ɗan sandan da za ta ajiye a ƙofar maƙaryaci. Saverio ya roƙe su don Allah su goge, ya ce yana da yara ƙanana. Ɗan sandan ya yi dariya ya ce, "Bawan Allah, wata da watanni muna jin minsharin direbobi da gulmar matansu kafin ka ba mu wannan, yanzu ka ce mu goge? Ai kai ne albashinmu na bana."

Dole ya yarda, a ranar suka kwashe shi da iyalinsa. An ɗauko 'ya'yansa Marisa da Elia daga makaranta ba tare da sun yi sallama da kowa ba, aka ce kowa ya ɗauki jaka ɗaya. A tsaye a ɗakin girkin Mama ya ba ni labarin nan da na rubuta maka, 'yan sanda biyu suna bakin ƙofa. Mama tana yanka tumatir, ba ta ajiye wuƙar ba. Ya durƙusa a gabanta ya ce ta sa masa albarka, sai ta dube shi ta ce wa ya aike shi ya yi magana a mota, duk faɗin gonar ubansa bai samu itacen da zai gaya wa ba. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. Wayewar gari jirage masu saukar ungulu suka cika sama, aka kama Bastiano da maza da yawa daga danginsa. Kafin azahar kowa ya lura da gidan da ke rufe, ba sai an gaya wa kowa komai ba.

Ka san shagon burodina, da yadda ake layi a kansa da safe. Daga ranar layi ya ɗauke. Waɗanda suka shigo ma ba saye ya kawo su ba. Wata da muka yi wasan ƙasa tare ta ɗauki burodi ta kara a kunne, ta ce wa ta kusa da ita, "Yi shiru, 'yar'uwa, na gidan nan yana ji." Suka yi ta dariya. Suka sa wa Saverio suna Aku, mu kuma 'yan gidan Aku. Aka farfasa tayoyin motar Leandro, aka daina zama kusa da 'ya'yana a aji. Lemun gonar Baba ya nuna ya zube ya ruɓe, domin ba a sami mutum ɗaya da zai hau tsani ya tsinka mana ba. Na je ofishin 'yan sanda na kai kuka, suka ce sunana ba ya cikin waɗanda aka ba su umarnin karewa, amma in na ga wanda ya fasa tayar da idona, in zo in yi shaida.

Ana cikin haka sai ga Donna Fiorina, uwar Bastiano, ta zo gidan Mama da ƙullin kofi da sukari, irin wanda ake kaiwa gidan makoki. Ina wurin. Ta zauna, ta riƙe hannun Mama, ta ce ta zo ta'aziyya ne, ta ji an ce ɗan Mama ya rasu, Allah ya ba da haƙuri. Sai ta juyo gare ni tana murmushi, ta ce 'yan matana sun yi kyau, kullum tana ganin su suna bi ta bayan maƙabarta in za su makaranta, ai hanyar nan ba mutane, in riƙa kula. Ta sha kofinta ta tafi. Washegari Mama ta sa baƙaƙen kaya. Ta je da ƙafarta wurin mai buga takardu ta sa aka buga sanarwar mutuwa da hoton Saverio, aka liƙa a bangon coci inda ake liƙa na kowa. Fada ya wuce ta gabanta yana kallon takalminsa. Mata suka yi ta zuwa gaisuwa, Mama tana amsawa. A wannan makon masu saye suka dawo, na sayar da burodi.

Da aka fara shari'a, a babbar kotun birni aka yi, wadda ke da keji na ƙarfe inda ake zuba waɗanda ake tuhuma. Ba a kawo Saverio ba, ta allon talabijin yake magana daga inda ba mu sani ba, ƙeyarsa kawai muke gani. Ya faɗi abin da ya gani bai rage ba bai ƙara ba. Sai lauyan Bastiano ya ce yana da mai shaida, aka shigo da Mama. Kawu, ban san za ta zo ba, motar gidan Lofaro ce ta ɗauko ta. Ta rantse, ta ce Saverio maƙaryaci ne tun yana yaro, ya taɓa faɗowa daga itace kansa ya taɓu, kuma ya daɗe yana hassadar gidan Lofaro. Lauyan ya tambaye ta 'ya'yanta nawa, ta ce ɗaya, mace. Alƙali ya tambayi Saverio ko yana jin abin da ake faɗa a kotu. Ya ce yana ji.

Na ɗauka iyakarta ke nan, za a bar tsohuwa ta sauka. Sai Bellandi ta miƙe ta ce tana da tambaya. Ta sa aka kunna muryar nan ta cikin mota, aka ƙure ƙara, kukan ƙanena ya cika kotu. Mazan cikin keji suka fara kwaikwayonsa, suna ƙanƙance murya suna cewa, "Oriana, Oriana, zo ki share mini hanci." Matansu a bayana suna ƙyaƙyatawa. Bellandi ta matso dab da Mama ta ce ta saurara da kyau, ta gaya wa kotu ko wannan muryar maƙaryaci ce. Mama ta ƙura wa bango ido har aka gama. Ta ce ba ta san muryar ba. Matar ta sa aka sake kunnawa daga farko. Ita shari'arta take son ci, na sani, kuma ta ci, amma ni Mama nake kallo. Da muka koma gida ta shiga ɗakin da Saverio ya yi ƙuruciya ta rufe ƙofa. Ba ta taɓa yi mini maganar ranar nan ba har ta bar duniya.

An yanke wa Bastiano ɗaurin rai da rai, sauran kuma kowa da nasa. Ba zan ɓoye maka gaskiya ba, garin ya canza. An daina jin harbi, masu shaguna sun samu sararin numfashi, har wani yaro ya buɗe wurin shan kofi a dandali bai nemi izinin kowa ba. Waɗanda suka fi cin moriyar abin su suka fi tofar da yawu in an ambaci ƙanena. Har mahaifin Ilario, wanda aka kashe wa ɗa, in ya hango ni sai ya tsallaka titi, kuma an ce yana gaya wa mutane shi bai roƙi kowa ya yi masa shaida ba. Bellandi ta samu ƙarin girma ta koma Roma. Na gan ta a talabijin tana cewa wani jarumin manomi ne ya zo da ƙafarsa ya karya shirun garinmu.

Ciwon Mama a ciki ya fara, kafin a gane ya riga ya yi nisa. Da likita ya ce mu kai ta gida, na je wurin 'yan sanda na roƙa a kawo Saverio ya gan ta ko na ɗan lokaci ne. Suka ce sai an nemi izini daga Roma. Na yi ta sintiri, kullum ana dubawa. Rannan na fashe da kuka a gaban wani sabon jami'i, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Madam, ai ita da bakinta ta rantse ɗa ɗaya gare ta. Ga ki nan kuwa, me kuma ake nema?" Ban gaya wa Mama ba. Ana gobe za ta rasu na sunkuya na tambaye ta ko tana son in sake gwadawa. Ta damƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce kada ya zo, jana'izarta suke jira su same shi.

Coci ya cika ranar jana'iza, har waje. Furen da ya fi kowanne girma daga gidan Lofaro ya zo. Donna Fiorina ta zauna a layin gaba, ta sumbace ni a kumatu biyu, ta ce uwata mace ce ta ƙwarai, ta san abin da ya kamata. Su kuma 'yan sandan da suka kasa samo mana izini, ashe sun san ranar da lokacin sarai. Suna cikin wata motar kaya a ƙofar maƙabarta suna ɗaukar hoton kowa, domin sun yi lissafin wani ɗan ƙanen Bastiano da suka daɗe suna nema zai fito rakiyar kakarsa. Ya fito kuwa. Ana saka akwatin Mama suka diro da bindigogi, suka danne yaron a kan furanni, mata suna ihu, mutane suna tattaka kaburbura. Fada bai ƙarasa addu'a ba. Da yamma aka nuna a labarai an ce gagarumar nasara ce.

Izinin ya iso bayan an yi addu'ar wata guda. Suka kira ni suka ce in je maƙabarta da tsakar rana, lokacin da gari ke cin abinci, kada in gaya wa ko mijina. Da Saverio ya fito daga mota ban gane shi ba. Kansa ya yi fari, ya yi wata irin ƙiba marar lafiya, yana tafe yana waige. Wani gari suke a arewa da wani suna, ya ce ba zai gaya mini ba don kada in ɗauki kayan da ya fi ƙarfina. Ba ya aiki, domin duk inda ya je sai a tambaye shi inda ya yi aiki a baya, shi kuwa mai sabon sunan nan ba shi da baya. Oriana sai da ƙwaya take barci. Marisa ta daina yi masa magana, abinci ma a ɗakinta take ci. Ya tsaya a gaban dutsen kabarin ya karanta. Sunana ne kawai a jiki, da na 'ya'yana. Na so a sa nasa, mai sassaƙa ya ce in yi masa rai, shi ma yana da iyali. Saverio ya shafa rubutun ya ce ya yi kyau. Sannan ya tambaye ni ko Mama ta ambace shi. Na gaya masa abin da ta ce, duka, ban rage ba. Ya gyaɗa kai ya maimaita rabin farko kawai, kada ya zo. Na ce ya saurari sauran, don shi ta faɗa, amma ɗan sandan ya riga ya taɓa kafaɗarsa.

A hanyar komawa mota ya gaya mini abin da ya sa nake rubuto maka. Kotun ƙarshe ta tabbatar da hukuncin Bastiano, shari'a ta ƙare, ba a bukatar shaidarsa kuma. An sanar da shi cewa kafin bazara za a sallame su daga kariya, a karɓi gidan, a mayar musu da sunansu na asali. Sun ce bincikensu ya nuna haɗarin ya ragu. Kawu, kai ka girma a garin nan, ka san ko gidan Lofaro suna mantuwa.

Roƙona shi ne ka tsaya musu su shigo Kanada. An ce sai da ɗan'uwa na jini da zai sa hannu, kuma kai kaɗai ka rage mana. Na san kana da shago, na san akwai dangin Lofaro cikin masu sayayya a wurinka, na kuma san kana da jikoki. Ban ce ka sa su a gidanka ba, ban ce a gan ku tare a coci ba. Ƙasar tana da faɗi, su tafi can yamma inda ba mai jin yarenmu. Saverio ya iya itace, ya iya inji, ba zai zame maka nauyi ba. In duka huɗun sun yi maka yawa, ka ɗauki yaran biyu, shi da kansa ya ce in faɗa maka haka. Ka yi shawara da Inna Palmira, ka ba ƙanwar maigidana amsa da baki kafin ta dawo. In amsar a'a ce ba zan riƙe ka a zuciya ba, na ga yadda tsoro yake yi da mutanen kirki. Sai dai zan ce masa takardar ce ta ɓace a hanya. Ya riga ya ji irin wannan amsa daga bakin jininsa, ba ni zan kai masa ta biyu ba.

Ka gaishe mini da Inna Palmira da kyau, da Yaya Ottavio da matarsa, da Gilda da sabon jaririnta, Allah ya raya shi. Leandro da 'yan mata suna gaishe ku. Saverio ma ya ce in gaishe ka, in ce maka yana yi maka addu'ar gwiwa. Allah ya tsare ku, ya ba ka ikon yin abin da za ka iya.

Ni ce 'yar yayarka,
Nunziata